Zuwa ga Hajiyar da ta yi min tambaya a taron iyaye da malamai

Assalamu alaikum, Hajiya.

Kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni dalilin da 'yarki take rattaba ma'anar oksideshan tiryan-tiryan, amma da an ce ta yi bayani da bakinta sai ta yi tsuru-tsuru. Kika ce ko dai a watsar da irin waɗannan kalmomin kimiyya na Turanci a koma Hausa zalla. Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na rubuto.

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Kaya biyu aka ɗora mata lokaci guda, ga Turanci ga kimiyya, kuma sunan ake fara ba ta kafin ta ga abin da ake kira da shi. Da ta rasa inda za ta rataya sunan, sai ta koma hadda.

Ki kai ta marinar Ƙofar Mata da ke Kano ta tsaya bakin rami. In marini ya tsamo zane daga ruwan baba, kore-kore yake fitowa. Ya ɗaga shi ya sha iska, nan take a gaban idonta zai rikiɗe ya koma shuɗi, domin oksijin da ke cikin iska ya haɗu da sinadarin baban. Oksideshan ke nan. Shi ne kuma yake sa kwanon rufi tsatsa bayan damina. Wanda ya ga wannan da idonsa, sunan ba ya yi masa nauyi.

Batun watsar da kalmomin kuwa, a nan muka rabu, Hajiya. WAEC da NECO da JAMB da Turanci suke tambayar kimiyya, haka littattafan jami'a. In na hana ta kalmomin, na cuce ta. Ga shi Hausar ma tana da nata tarkon: "ƙarfi" ɗaya muke cewa, alhali a fiziks abin da ke tura kaya daban, makamashi daban, saurin kashe makamashin daban, kowanne da ma'auninsa.

An taɓa gwada koyarwa da harshen gida. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yaran firamare da Yarabanci tsawon shekara shida a Ife, Turanci yana darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba. Abin da nake roƙo a azuzuwanmu bai ma kai haka ba: a nuna abu, a tattauna shi da Hausa har ya zauna, sannan a rubuta sunansa a allo.

A gida, in ta karanto miki wata ma'ana, ki ce ta nuna miki abin a madafa ko a tsakar gida. In ta kasa, ki turo min ita da tambayar.

Wassalam,
Malamin kemistiri na ajinsu