Hajiya, a mayar da yaro kan nono

Assalamu alaikum Hajiya, ina wuninku, ya jikin Baba, ya mutanen Ƙofar Ƙaura. Mu nan Manchesta sai sanyi, ƙarfe 4 na yamma har duhu ya shigo.

Jiya Zainabu ta kira ni tana kuka, wai tunda aka yi mata hoton CT da allurar nan ta jijiya mai sa hoton ya fito sosai Gwaggo ta hana ta ba yaro nono, wai ya zama guba sai an yi sati, yau kwana 3 kenan yana kan madarar gwangwani, ita kuma nono ya ɗaure mata tamau ko hannu ba ta iya ɗagawa. Don Allah Hajiya ku sa baki, ni in na yi magana za a ce na je Turai na raina manya.

Aikina kenan fa kullum a ɗakin hoto na asibiti. Ruwan allurar CT aidin ne a ciki, abin da ke shiga nono bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a cikin wannan ɗin ma wanda hanjin jariri ke ɗauka bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk fitsarin uwa ke tafiya da shi. Ɗumin da ta ji ya ratsa jikinta da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da yawa suna ji, wasu har leƙa zane suke su ga ko sun yi fitsari, minti kaɗan ya wuce. Nan cewa muke a ci gaba da shayarwa, wadda hankalinta bai kwanta ba ta tatse ta zubar na awa 12 zuwa 24, ita kuwa ta wuce nan tuni. In zazzaɓi ya shigo ko nonon ya yi ja a kai ta asibiti, kar a tsaya gashi da ruwan zafi kawai.

Matar Yaya kuma mai ciki da za a yi wa hoton MRI, nata daban ne. Allurar MRI wani sinadari ne a ciki da ake kira gadoliniyam, tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan, shi ya sa ba a yi wa mai ciki sai dole ta yi dole, amma hoton ba allura ana yi. To na san ta da kunyar cikin fari, ta ajiye kunyar nan ta faɗa masu tana da ciki wata nawa tun kafin ta hau gadon. In likita ya san da cikin ya ce duk da haka sai an yi, kar ta ƙi.

A kira ni da daddare in ga yaron a bidiyo yana sha. Kuma a tuna mani da kuka da daddawa in an samu mai zuwa.

Ɗiyarku,
Hassana