A turo ɗaliban adana takardu su yi staj (koyon aiki a hannu) a Maradi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka in yi magana kan karatun adana takardun tarihi, wanda ƴaƴanmu ke tafiya har Dakar su yi a EBAD, makarantar koyon aikin laburare da adana takardu da aka kafa tun 1967.

Bara na shiga wani ofishi a nan Maradi neman takardar gonar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, saboda rigimar iyaka da ta taso. Da aka buɗe mini ɗakin ajiya sai ga takardu jibge cikin buhuna, gara ta cinye na ƙasa, yoyon damina ya manne na sama, ƙarafan da aka haɗa shafuka da su sun yi tsatsa sun huda rubutu. Kwana 3 muna tono ni da ma'aikacin wurin, bawan Allah mai haƙuri, ba mu same ta ba. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Mai digirin masta a wannan fanni ya san ƙa'ida: ba a cakuɗa takardun wani ofishi da na wani, kowace ana barinta cikin danginta, a yi mata lamba a rajista, a tantance wadda za a ajiye har abada da wadda wa'adinta ya cika. To amma wa ya taɓa koyon ɓamɓare shafin da ruwa ya manne yana zaune a aji? Sai hannu ya taɓa. Ɗaukar hoto a zuba a kwamfuta ma, da kowa ke ta yabo, ba ya amfani in ba a jera takardun ba tukuna.

Ga shi namu takardun baki uku ne: Faransancin zamanin Nasara, Larabcin alƙalai, da ajamin da ke gidajen malamai daga nan har Tibiri. Cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai ta tara irin waɗannan rubuce-rubucen hannu, amma nawa ne suka rage cikin gafaka a zauruka? Garinmu Maradi, da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta tashe shi daga kwari ya hau tudu, ya san ɓarnar ruwa.

Roƙona ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: a shirya yadda ɗaliban masta za su zo staj na wata 6 a ofisoshin jiharmu, da malami mai duba aikinsu, da kwalaye da kantoci, da ɗan guzuri. Kuma a haɗa kowane ɗalibi da malamin zaure mai karanta ajami.

Na gode.

Mai karatunku daga unguwar Bagalam, Maradi