A Shigar da Koyon Aiki Cikin Karatun Jami'a Tun Kafin a Ba da Difiloma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina a kan batun da hukumomi da iyaye ke yawan ambato a ƴan shekarun nan, wato shirya ɗaliban jami'a domin su iya riƙe aiki idan sun kammala karatu. Ni ma'aikacin lissafin kuɗi ne a nan garin Tawa, kuma na daɗe ina karɓar matasan da makarantu na gwamnati da masu zaman kansu ke turowa koyon aiki, abin da kowa ya sani da sunan sitaj. Ra'ayina shi ne, wannan shiri ba zai yi amfani ba muddin aka bar shi a hannun tarurrukan yini ɗaya da kuma sanayyar iyaye. Wajibi ne ya shiga cikin karatun kansa, jami'a ta ɗauki nauyinsa kamar yadda ta ɗauki nauyin jarrabawa.

Har zuwa shekarar 2010, jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a ƙasar nan, wato Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda tushenta ya faro daga 1971. A 2010 aka kafa ta Tawa da ta Maraɗi da ta Damagaram, sannan a 2014 aka ƙara ta Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. Wannan ci gaba ne da babu mai musunsa, domin ɗan talakan Adar da a da sai ya yi ƙaura zuwa Yamai, yau yana iya yin lisans, wato digirin farko, kusa da gida. Sai dai tunanin da aka gina karatun a kansa bai sauya tare da yawan ɗaliban ba. A zamanin iyayenmu, wanda ya fito jami'a yakan tarar da kujera tana jiransa a ma'aikatar gwamnati, a can ne kuma manya ke koya masa aikin sannu a hankali. Tsuke bakin aljihun da aka yi a shekarun 1980 da 1990 ya kawo ƙarshen wannan ɗauka ta kai tsaye, kuma a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su wuce shekara 15 ba, babu gwamnatin da za ta iya dawo da ita.

Abin da ake kira shirya matasa a yau, galibinsa taro ne a babban zaure. Ana gayyato baƙo daga Yamai, ya nuna yadda ake rubuta takardar neman aiki da takaitaccen tarihin karatu, ya yi bayanin irin tufafin da ake sawa ranar ganawa da masu ɗaukar ma'aikata, a sha lemo, a ɗauki hoto, a raba takardar shaidar halarta. Ban raina wannan ba, domin na sha ganin dosiye mai kyau da aka ajiye gefe saboda rubutunsa ya yi muni. Amma iya neman aiki daban, iya aikin daban, kuma na biyun ne ke ba mu wahala.

Bari in faɗi abin da nake gani a teburina. Matashi yakan zo da lisans a fannin lissafin kuɗi, yana iya jero maka rukunan asusu na SYSCOHADA, wato tsarin rubuta lissafin kamfanoni da muke bi, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Idan na miƙa masa takardar banki ta wata guda da littafin shige da fice na ofis na ce ya daidaita su ya gano inda bambancin jaka goma sha biyu ya ɓuya, sai ya yi shiru yana juya takardun. Ya san cewa TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, kashi 19 cikin 100 ne, amma bai taɓa cika takardar biyansa ba, bai taɓa ganin takardar da ake kai wa CNSS, asusun fansho da tallafin ma'aikata, ba, kuma sau da yawa bai taɓa jera lissafi a Excel da hannunsa ba, saboda darasin kwamfutar da aka yi masa a kan allo aka yi shi. Ba rashin ƙwaƙwalwa ne ke damunsa ba, domin cikin wata biyu yawancinsu sukan kama aikin, wasu har su fi mu sauri. Abin takaicin shi ne wata biyun nan bai samu gurbi ba a cikin shekara uku da ya yi yana karatu.

Sai kuma yadda ake samun sitaj ɗin kansa, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A mafi yawan lokuta makaranta takarda kawai take bai wa ɗalibi, ta ce ya je ya nemi inda za a karɓe shi. Wanda kawunsa darakta ne, da waya ɗaya an gama. Ita kuwa yarinyar da ta fito daga ƙauyen Keita ko Bouza, wadda ita ce ta fara shiga jami'a a danginsu, haka za ta yi ta yawo da ambulan a rana daga ofis zuwa ofis, mai gadi ya karɓa ya ce ta dawo mako mai zuwa. Ƴan Nijar sun san wannan cuta har sun laƙaba mata suna PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Wanda ma ya samu shiga, ba lalle ne ya koyi komai ba, domin akwai ofisoshin da aikin mai sitaj bai wuce buga kwafin takardu da sayo wa manya shayi ba. Ƙarshenta ya ari rahoton wani na bara ya sauya suna da kwanan wata, malamin da bai taɓa leƙa wurin ba ya ba shi maki.

Na san za a ce akwai hukumomin da aka kafa domin wannan. Hukumar ANPE tana sama wa matasa masu difiloma wuraren koyon aiki, akwai hidimar ƙasa ta shekara biyu, akwai asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, akwai kuma cibiyoyi irin CIPMEN da ke renon masu son kafa nasu kamfani. Duk suna da amfaninsu, sai dai yawancinsu suna tarar matashi ne bayan ya riga ya fito, ya yi zaman fada na wata da watanni, abin da ya haddace ya fara zubewa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarata ba ta buƙatar sabuwar doka mai tsawo. Tsarin LMD (lisans, mastas, dakta) da jami'o'inmu ke bi ya raba lisans zuwa zango shida, kowane zango da maki 30 na nauyin karatu, saboda haka babu abin da zai hana a ware wani kaso mai tsoka na makin nan ga aikin da ɗalibi ya yi a waje, tun daga shekara ta biyu. Kowace jami'a ta buɗe ofis guda wanda aikinsa shi ne ƙulla yarjejeniya da masu ɗaukar ma'aikata da rarraba ɗalibai bisa jerin da kowa zai iya gani a kafe a bango, ba bisa sunan uba ba. A rubuta tun farko abin da ɗalibin zai koya, malami ya je wurin ya gan shi da idonsa, wanda ya kula da shi a wurin aikin ya sa hannu a makinsa, a kuma ba shi ɗan kuɗin kabu-kabu domin kada talauci ya hana shi zuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ɗaliban likitanci ba sa zama likitoci sai sun yi shekaru suna zagayen marasa lafiya a asibiti, kuma babu telan da ke yaye yaronsa don kawai ya haddace sunayen sassan keken ɗinki. Ban ga dalilin da zai sa a sassauta wa masu karatun shari'a da tattalin arziki da gudanarwa ba.

Akwai kuma buƙatar mu faɗaɗa abin da muke nufi da wurin aiki. Idan bankuna da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati kaɗai za a ƙirga, to ba za su ɗauke ko ɗalibai na aji ɗaya ba. Amma jihar Tawa tana da kamfanin siminti a Malbaza, tana da albasar Galmi da manyan motoci ke ɗauka zuwa Gana da Kwaddibuwa, tana da ƙungiyoyin manoman rani a fadamun Ƙonni, da kasuwannin dabbobi irin ta Badagishiri da Abalak, ga ofisoshin magadan gari da ke fama da tsara kasafin kuɗi da tattara haraji. Na san Alhazan da ke juya miliyoyin sefa alhali dukan lissafinsu yana cikin kai da wani ɗan littafi a aljihun riga, kuma ranar da mai gidan ya kwanta dama, dukiyar takan watse saboda babu wanda ya san bashin da ake bi ko wanda ake binsa. Ɗalibin da ya yi wata uku a irin wannan shago zai koyi abin da babu shi a littafi, shi ma Alhajin zai ƙaru. Sai dai dole ɗalibin ya iya bayyana riba da faɗuwa da sharuɗɗan bashin banki da harshen da Alhaji ke ji. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata a riƙa gwada ɗalibi a kan wannan ma, a Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, gwargwadon mutanen da zai yi wa aiki.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce tunda ayyukan ne babu. Gaskiya ne sitaj ba ya haifar da kamfani, kuma ba zai hana samarin Adar tafiya cirani ba. To amma ƴan guraben da ke akwai ma mukan sha wuya kafin mu samu wanda zai cike su, har wasu kamfanoni su ɗauko ma'aikaci daga wata ƙasa. Mu masu ɗaukar ma'aikata ma muna da namu laifin, domin mu ne ke rubuta sanarwa cewa sai mai ƙwarewar shekara uku, alhali mun rufe ƙofar da za a samu ƙwarewar, wasunmu kuma sukan riƙe matashi shekara guda da sunan sitaj yana aikin cikakken ma'aikaci ba tare da ko dala ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da reshen Majalisar Ƴan Kasuwa da Masana'antu na jihar nan da su zauna kafin buɗe makarantu, su fitar da jerin wuraren da suka yarda su karɓi ɗalibai da adadin da kowanne zai iya ɗauka. Ina kuma roƙon ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda muryarta ke kaiwa nesa idan ana batun alawus da abinci da ɗakunan kwana, ta sa wannan buƙata cikin abubuwan da take kai wa ma'aikatar ilimi mai zurfi. Idan aka buɗe jerin, ofishinmu a shirye yake ya karɓi ɗalibai biyu a kowane zango.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lissafin kuɗi,
Tawa, Jamhuriyar Nijar