Kafin a zane yaro, a tambayi halin da gidansu ke ciki

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da 'yan'uwana malamai. Aji biyar nake koyarwa a wata firamare a Kano, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na lura sakamakon yarana yana hawa da sauka ne tare da sana'ar iyayensu.

Akwai wani yaro da ba ya wuce na uku a aji. Babansa adaidaita sahu yake ja, ba tasa ba ce, kullum sai ya haɗa wa mai ita balas kafin ya fara neman na cefane. Da can bayan isha'i yakan zauna ya duba masa jinga. Ba wani lissafi ya iya ba, amma zaman nan kaɗai yana sa yaro ya dage. Yanzu sai dare ya raba yake shigowa, ya zube canji a tabarma yana ƙirgawa yana tsaki. Yaron na kwance yana jin komai, daga kuɗin haya har barazanar za a ƙwace mashin. Da safe ya zo ido jajur, ina bayani a allo yana kallon taga. Zangon da ya wuce can ƙasa na same shi.

Haka 'ya'yan leburorin masana'antu a Sharada da Bompai, haka na ƙananan ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ko buhun shinkafa bai kai ba a lokacin.

Mu malamai kuwa sai mu ɗauko bulala, mu ce yaro ya zama daƙiƙi. Kada a manta, mu ma da tunanin bashin mai kanti muke shiga aji. Duk da haka tambaya ɗaya, "Lafiya a gida?", ba ta cin ko kwabo. Taron iyaye da malamai ma ya koma na karɓar kuɗi kawai, ba a taɓa wannan zance.

Iyaye, don Allah maganar bashi da ta sallama daga aiki a riƙa yin ta inda yara ba sa ji. In abubuwa sun rikice, uba ya leƙo makaranta ya raɗa wa malamin aji, mu san yadda za mu bi da yaron. A makon jarrabawa kuma a ɗaga wa 'yan mata ƙafa, a ajiye farantin talla.

Wata malamar firamare,
Kano