Mutumina, Gobir ta ƙi shiga gida

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Mama, Allah ya ƙara mata sauƙi. Nan Amurka sanyi ne ya sa mu gaba, ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu, daga aiki sai ɗaki. To a zaman ɗakin nan ne na faɗa wani abu da ya ci min lokaci sosai, kuma yanzu na kai inda dole sai na nemi taimakonka don duk cikinmu kai ne mai kan Hausa.

Ka san wasan cike gurbin kalmomi na jaridun Turawa, kuroswad, mai fararen gidaje da baƙaƙe, a ba ka tambaya ka rubuta amsa a kwance ko a tsaye. Tsohon abu ne, tun 1913 wani Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World. To akwai wani nau'insa da ake ce wa meta, shi wannan in ka gama cike gidajen duka ba ka gama komai ba, lokacin ma aikin ya fara. A sama za a rubuta maka layi ɗaya, misali amsar wannan wasa sunan wani gari ne, ko kalma ce mai harafi biyar, kuma amsar nan ba ta cikin jerin tambayoyin, an ɓoye ta ne a jikin abin da ka cike, kai za ka gano ta wace hanya aka ɓoye ta.

Jaridar Wall Street Journal na fitar da irinsa duk Juma'a, ka tura amsa kafin tsakar daren Lahadi, a yi ƙuri'a cikin waɗanda suka dace mutum ɗaya ya samu kofin shayi, wlh kofi kawai, amma ka ga yadda mutane ke hana idonsu barci a kai. Akwai kuma Matt Gaffney da ke fitar da nasa duk mako tun 2008, na makon farko a wata mai sauƙi ne, yana tafiya yana ƙara wuya, na ƙarshen wata kam sai ka kwana uku kana kallon takarda ba ka ga ko ƙofar shiga ba.

Abin da na koya shi ne ka fara da taken wasan, don ba a sa shi a banza. Sai dogayen amsoshi, ka duba me ya haɗa su, wata kalma ce ta maƙale a tsakiyarsu ko haruffan farko ne za su haɗu su ba da wani abu. Sai kuma ƙananan kalmomin da suka yi bambaraƙwai, in ka ga gwani ya sa mummunar kalma a lungun da yaro ma zai cike da mai kyau, to tilas ce ta sa shi, akwai abin da ya binne a wurin. Kuma duk meta mai kyau in ka gano amsar ba ka buƙatar kowa ya ce maka ka dace, komai zai zauna daram, taken ma sai ka ga ashe tun farko yana faɗa maka. In kana kokwanto bayan ka gano to ko dai ba ita ba ce ko mai ginin bai yi adalci ba.

Ranar da abin ya shiga raina sosai ramzi na tuna. Ka tuna yadda malaman Sakkwato ke rufe waƙa da wata kalma wadda in ka lissafa haruffanta da hisabin abajada sai shekarar da aka rubuta waƙar ta fito? Na ce ashe mu ma muna da wannan ɗabi'a ta ɓoye amsa a gaban idon mai karatu, me zai hana a gina meta da Hausa zalla.

Shi ne na zauna. Ƙa'idar tasu gida 15 a kwance 15 a tsaye, ba kalmar da za ta gaza harafi uku, kowane harafi sai ya shiga kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, sannan in ka juya takardar kai ƙasa baƙaƙen gidaje su faɗa daidai inda suke. Wannan na ƙarshen yana nufin dogayen amsoshi sai sun zo biyu-biyu tsawonsu ɗaya.

Dabarata ita ce Hausa Bakwai. In ɓoye shida a cikin dogayen amsoshi, wadda babu ita ce amsa. Duba ka gani. TARA NONO, a tsakiya akwai RANO. MUKA NOMA, ga KANO nan, dukkansu harafi 8, sun yi aure. KU ZAZZAUNA, harafi 10, Zazzau ta fito ɓaro-ɓaro, wannan a bas ina dawowa daga aiki ta zo min, na ciro tsohon rasit na rubuta a bayansa don kar ta gudu. Abokiyarta SUKA BI RAMI, ita ma 10, ta ɗauko BIRAM, ko da yake ban gamsu da ita ba sosai don ba magana ce da ke bakin mutane ba, ƙirƙira ce don dole. Wadda na fi so duka ita ce ME KA TSINANA, harafi 11, karanta a hankali za ka ga KATSINA zaune a ciki, kuma magana ce da kowa ya taɓa ji daga bakin babba in ya aike ka ka dawo hannu rabbana.

Saura ɗaya mai 11. Na sa ƊAURA ƊAMARA don ta ba ni Daura, amsa ta zama Gobir, lissafi ya fita cif. Na yi kwana biyu ina murna sai zuciyata ta ƙi. Ɗ ba D ba ce, ɗaura daban Daura daban, kamar yadda ɓari da bari ba ɗaya ba ne. Na san a waya yawancinmu ba ma sa lanƙwasa, wani zai ce a bar shi ya wuce, amma wanda ya san rubutu zai zauna ya ƙirga ya ga biyar ne kawai a ciki, Daura babu Gobir babu, ya rasa wacce zai tura, kuma shi ke da gaskiya. Ni kaina in aka yi min haka zan ji an cuce ni.

Don haka na juya abin, Daura ta zama amsar, dama ita ce uwa, tafi dacewa a ce ita ake nema. Sai dai fa yanzu dole Gobir ta shiga gida kuma ta ƙi. Ina buƙatar magana mai harafi 11 da kalmar farko ta ƙare da GO ta biyu ta fara da BIR, ko wani yanka daban in ka samo. Na jera rago, ango, bango, zango, kango, dogo a gefe ɗaya, biri, birni, birki, birjik a ɗaya gefen, na haɗa na warware ba wadda ta yi ma'ana. Na buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ina bi shafi-shafi har yanzu shiru.

Wata wahalar da ban yi zato ba kuma, kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Layin ƙasa na wasan ai haruffan ƙarshe ne na kalmomin da suka sauko, sai ka ga ya zama A I A U A, ba kalmar da za ta fito. Mutum, malam, kamar, takwas da irin su gidan, motar su ne ke cetona, shi ya sa ƙasan da gefen dama ke cinye min dare guda. TS da SH kuwa na yanke shawarar kowanne gida biyu zai ci.

Dan Allah ka sa abin a ranka ko kana hanyar makaranta, ka tambayi Baba ma, tsofaffi na da karin maganar da mu ba mu taɓa ji ba, wataƙila Gobir na kwance a cikin ɗaya. In ka samo ko da tsakar dare ne ka turo min ta WhatsApp, a lokacin nan Amurka yamma ce. Kuma kar ka faɗa wa su yaran gida amsar, su nake so su fara gwadawa in na gama, in ga ko taken da na sa, Ƴaƴa Sun Hallara, ya isa ya nuna musu hanya ko sai na sake.

Ka gaida Mama da kyau, ka gaida amarya da yara.

Naka har kullum,
abokinka na benci ɗaya