Wasiƙa zuwa ga Abba a Atlanta

Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka. Yayarka ta kasa riƙe maganar, kada ka ga laifinta. Wai ka je ofishin ɗaukar sojan Amurka ka karɓo takarda. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona.

Harsashi bai dame ni ba, ajali na hannun Allah. Jikata nake tunani, yarinyar da ta ɗauko idanun uwarta sak.

Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, na kuma lura cewa Amurka duk inda ta kai yaƙi, ƙiyayyar takan biyo ta gida. A 1942, bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, an kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan an tsare a sansani, alhali mafi yawansu a Amurka aka haife su. Soja ba ya iya harbin mutum sai an fara koya masa cewa mai wannan fuskar ba mutum ba ne, kuma ranar da ya tuɓe kaki, karatun yana nan a kansa. Ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka kashe fiye da mutum 500 a ƙauyen My Lai, a Biyetnam, ƙasar surukanka, har da jarirai. Ranar 16 ga Maris 2021, nan yankin da kake zaune, wani ya bindige mutum takwas, shida daga cikinsu mata 'yan asalin Asiya. Shi ba soja ba ne, amma kallon da ya yi musu na kayan sha'awa, a bakin barikokin sojan Amurka da ke Koriya da Filifin aka raini irin wannan kallon.

Kai da ka auri 'yar Biyetnam, da wane ido za ka kalli mahaifiyarta sanye da kakin nan? Ko kuɗin karatu ne ya rufe maka ido haka? Ba haka na raine ka ba!

Na san za ka ce ai ni ne na ƙi auren tun farko. Haka ne, kuma tsoron nisa ne ya sa, ba ƙin ta ba. Yau 'yata ce, shi ya sa nake wannan magana.

Idan kuɗin ne, gonar bakin rafi tana nan, sai mu sayar. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ka ba ni 'yar ƙaramar in ji muryarta. Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce kuka da daddawar suna hanya.

Mahaifinka