Yawon Sallah a Bankok

Bankok, daren Babbar Sallah, 2025

Assalamu alaikum.

Yaya, barkanmu da Sallah. Allah Ya maimaita mana, Ya karɓi layyar da aka yi. Ka gaishe min da Baba da Inna gaisuwa mai yawa, da uwargidanka da yara, da duk wanda ya leƙo gidan cin nama. Wasiƙar taka ce, amma na san a tsakar gida za a karanta ta, Inna na kan tabarma tana tare ka da tambayoyi, don haka zan kiyaye bakina. Hoton ragon da ka turo na gani. Ya yi kyau, sai dai kamar ƙahon ya fi jikin yawa, ban sani ba ko kusurwar hoto ce ko kuwa an yi maka wayo a kara.

Mun yi Idi da safe a masallacin Darul Aman, wanda ke bayan titin Phetchaburi, tafiyar ƙafa daga unguwar Pratunam inda nake aiki. Muna gaba da ku da awa shida, wato lokacin da muke kabbara ku kuna tsakiyar barci. Masallaci ya cika har titi: 'yan ƙasa da zannuwansu na ɗaurawa, Larabawa, 'yan Pakistan, mu 'yan Afirka a gefe da manyan riguna ana ta kallonmu. Ana sallamewa kuwa sai ka ga gari bai ma san ana Sallah ba. Musulmi a Tailan ba su wuce kamar biyar cikin ɗari ba, yawancinsu a kudu suke wajen iyakar Maleshiya, can ne ake ba da hutu. A Bankok shaguna a buɗe. Layya ma saniya suka fi yi, mutum bakwai a haɗa kuɗi, a yanka a bayan gari. Babu ƙaurin babbaka, babu tambari, babu ko doki ɗaya.

Sallar bara a ɗaki na wuni ina kallon hawan Daushe a waya, har na ji kamar in yi kuka. Bana Allah Ya kawo Alhajin nan na Kantin Kwari da nake yi wa lodin kaya, kayansa suka yi jinkiri, Sallah ta riske shi a nan. Shi ya ce ba zai zauna a otal kamar mai takaba ba, a nemo mana mai zagayawa da baƙi mu yi yawon Sallah. Kunya ta kama ni. Shekara uku ina garin nan, ban san komai ba sai hanyar shago, masallaci, da filin jirgi.

Jagoran da muka samu Musulmi ne ɗan Bankok, yana jin Turanci da ɗan Larabci, da katin izini rataye a wuya, don dokar ƙasar ba ta yarda baƙo ya yi wannan sana'a ba, sai ɗan ƙasa. Tun a mota na gaya masa sharaɗinmu: kallo za mu yi, ba rusunawa, ba kunna turare. Ya yi dariya ya ce shi ma da haka yake cin abincinsa shekara da shekaru, kuma ba wanda ya taɓa ce masa don me.

Mun fara da Wat Traimit, a bakin unguwar 'yan Sin. Wat shi ne sunan gidan ibadarsu na addinin Buda. A saman bene akwai mutum-mutumin Buda a zaune, tsayinsa kamar mita 3, nauyinsa tan biyar da rabi, kuma na zinariya ne. Labarinsa ne ya fi shi kansa daɗi. Tun zamanin da, aka shafe shi da farar ƙasa aka ɓoye zinariyar, ana jin don gudun mayaƙan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, da suka ƙone Ayutthaya, tsohon babban birnin mutanen Tailan, a 1767. Waɗanda suka san sirrin suka mutu, ya zauna kamar kowane gunkin ƙasa, ba mai kula shi. Sai a 1955 ana ɗaga shi za a canza masa wuri, igiya ta tsinke, ya faɗi, ɓawon ya tsage, rawaya ta leƙo. Ina juyowa na ga Alhaji ya ciro waya yana lissafin giram nawa ne a tan biyar da rabi. Ya daɗe yana dannawa, daga ƙarshe ya ce wayar ba ta da isassun sifirai.

Fadar sarki ba mu shiga ba. Kuɗin shiga baht 500 ne na kuɗin ƙasar ga baƙo, Alhaji ya ce kuɗin riga nawa ke nan a sari, muka tsaya daga waje muka kalli farar katanga da rufin da ke walƙiya. An fara gina ta a 1782, shekarar da Sarki Rama na Ɗaya ya mai da Bankok babban birni. Jagora ya ce abin da suka fi girmamawa duk ƙasar yana ciki, wani ɗan ƙaramin Buda na koren dutse da bai kai tsayin yaro mai rarrafe ya miƙe ba, santimita 66, kuma sau uku a shekara ake sauya masa tufafi, na zafi, na damina, na sanyi, sarki ne ke da wannan aiki.

Inda muka daɗe shi ne Wat Po. Inna, a nan ne zan amsa tambayar da kike yi min kullum a waya, wai mutanen nan me suke bautawa. Ga abin da idona ya gani. An cire takalmi a ƙofa kamar masallaci, ba a shiga da gajeren wando ko kafaɗa a waje, Turawan da suka zo tsirara-tsirara sai da aka ba su abin rufawa, mu kuwa da kaftaninmu ba wanda ya tsayar da mu. A ciki Buda ne a kishingiɗe, ya tallafe kai da hannu, tsawonsa mita 46, tsayinsa 15, an gina shi da bulo aka lulluɓe da ruwan zinariya a zamanin Rama na Uku. Ɗakin ya yi masa kaɗan, ba ka iya ganinsa gaba ɗaya, sai dai ka bi shi gaɓa-gaɓa ta tsakanin ginshiƙai har ka kai tafin ƙafa, inda aka yi zane 108 da ɓawon kawa mai sheƙi. Ta bayansa an jera tasoshin tagulla su ma 108, mutane na bi suna jefa kwabo ɗaya-ɗaya, ƙarar na tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Mu hannunmu a aljihu muka wuce. Wata tsohuwa na durƙushe da furen bado a hannu, idonta a rufe, ko motsi ba ta yi duk hayaniyar masu hoto. Na tsaya nesa da ita, ban ɗauke ta hoto ba. Jagora ya ce a wurinsu Buda mutum ne da ya rayu a Indiya ya koyar, ba su ce shi ya halicci duniya ba, har lissafin shekarunsu daga rasuwarsa suke yi. Shi ya sa takardar shiga da aka ba mu take ɗauke da 2568, sun fi lissafin Bature da shekara 543. Ni dai na fito ina hamdala da Musulunci, ban kuma ji na raina matar nan ba. In Baba na ganin shigar ma bai kamata ba, ya faɗa min, zan ji.

Malamansu masu rawayar riga kuwa na saba ganinsu, ban dai san kan abin ba sai yau. Kullum in na dawo daga Asuba sukan wuce ta layinmu, kai a aske, ƙafa ba takalmi, da ƙoƙo a rungume. Da farko na ce ashe su ma suna da almajirai. Amma ba sa cewa a taimaka, ba sa cewa komai. Masu gida ne ke fitowa su jira su a bakin ƙofa da shinkafa mai zafi, su cire takalmi, su zuba, su kuma sunkuya, mai bayarwa ne ke ganin an yi masa alfarma. Daga rana ta take tsaka ba sa ƙara cin abinci sai gobe, mace ba ta taɓa su ko miƙa musu abu hannu da hannu. Samari da yawa sukan shiga na 'yan makonni kafin aure, wai ladan na iyaye ne, musamman uwa. Na tuna yaran da ke tsayawa a zaurenmu da daddare suna ko ɗan ƙanzo iya, da yadda wani lokaci muke ce musu a yi haƙuri ba tare da mun ɗago kai ba.

A Wat Po ɗin akwai makarantar tausa ta gargajiya. Alhaji ya miƙa ƙafafunsa rabin awa, yana ihu yana cewa a ci gaba.

Daga nan muka hau ɗan jirgin fito muka tsallaka kogin Chao Phraya zuwa Wat Arun. Daga nesa hasumiya ce fara mai tsini, sai ka matso ka ga ashe duk jikinta fasassun tangaran ne na ƙasar Sin, an yanka an manna su sun zama furanni, irin yadda magina na da ke manna tasa a tsakiyar rufin soro. Inna, da kin ga wurin nan da kin daina yi wa yara faɗa in sun fasa miki faranti. Matakalar a tsaye take kamar tsani, Alhaji ya hau uku ya sauko.

Azahar ta same mu a can, jagora ya ce mu biyo shi. Tafiya kaɗan ta cikin lungu sai ga masallaci, Ton Son, da maƙabarta a gefensa. An kafa shi tun wajen 1688, kusan shekara ɗari kafin Bankok ta zama babban birni, fiye da shekara ɗari kafin jihadin Shehu. Muna alwala muna hango rufin gidan Buda ta saman katanga. Dattawan wurin da suka ji daga Najeriya muke suka riƙe mu sai mun ci naman Sallah, aka kawo wata miya da suke kira massaman, nama da dankali da gyaɗa a cikin madarar kwakwa, an ce sunan ma daga kalmar Musulmi ya samo asali. Ita ce abu mafi kusa da miyar gyaɗar Inna da na ci tun zuwana, in ban da sukari. Mutanen nan komai sai sun sa masa sukari, har miya.

Ruwa ya tsuge da la'asar, don nan ma damina ce, muka fake a Pak Khlong Talat, kasuwar furanni da ba ta rufewa dare da rana. Kasuwa guda, Yaya, ba hatsi ba atamfa, yawanci fure ne, mata na zaune suna shirya shi a zare kamar carbi, a kai gidajen ibada ko a rataya a madubin mota. Alhaji ya zagaya ya zagaya ya ce shi bai ga abin sari ba.

Abincin dare a rumfar wata Musulma muka ci, mai alamar halal a jikin keken. A garin nan sai da lura, alade ya yi yawa, kalmar farko da na koya ita ce mu, wato sunansa, don in san abin gudu. An kawo khao mok kai, shinkafa rawaya da kaza kamar dafa-duka. An kawo som tam, ɗanyen gwanda da aka kankare aka daka a turmi da barkono, lemon tsami, gyaɗa da romon kifi. Na ce a rage yaji, Alhaji ya ce shi Bakano ne a sa masa yadda suke ci. Bai kai loma huɗu ba hula ta sauka, hawaye na zuba, mai abincin na ta ba shi haƙuri tana dariya. Da mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa aka lallashe shi. Na san za ku ce shinkafa da mangwaro wane irin haɗi ne, nima haka na ce kafin in ɗanɗana. Af, shinkafar Tailan da muke rububi a gida, turararriyar nan, su ba ita suke ci ba, ta fitarwa ce. Tasu fara ce mai laushi da ƙamshi. Durian kuma, wani ɗan itace mai ƙaya da ake hana shiga da shi otal da jirgin ƙasa saboda wari, Alhaji ya ce ko kyauta ba ya so, ni ma ban matsa ba.

Mun dawo a tuk-tuk, adaidaita-sahunsu, direban na gudu kamar an biyo shi.

Alhaji zai taso in kayansa sun fita. Na ba shi saƙo: mayafi biyu na Inna, takalmin Baba, rigunan yara, da man tausa na ciwon gwiwa, a riƙa shafa wa Inna da daddare. In zai dawo a haɗo ni da kuka, daddawa da yajin Inna, a ɗaure daddawar da kyau don kar ta yi min abin da durian ke yi wa mutane. Hotunan na tura wa Auta, ta nuna wa kowa, ban da wanda Alhaji ke kuka, wannan ya ce amana ce.

A sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
na Bankok